Agogon Motar Baba

Bodinga, ranar Talata

Assalamu alaikum 'yar'uwata Kausar,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, da Baffa da Inna Maryam da jaririn da aka raɗa wa suna. Mun iso gida lafiya. Lallen da kika ƙunsa mini ya kama sosai, har 'yan ajinmu suna tambaya.

Ina da damuwa, kuma ke kaɗai zan iya faɗa wa. Kin san ɗan agogon nan da wanki Yaya Maniru ya sa wa Baba a mota lokacin da mai ya yi tsada, wanda ke nuna ko injin yana shan mai daidai da iska. Idon Baba ba ya ganin ƙananan lambobi, shi ya sa nake zama gaba ina karanta masa, ya sauke ni a makaranta ya wuce ɗaukar albasa Danchadi. In ya nuna sha huɗu da ɗigo bakwai, lafiya lau ke nan. A gida Baba ba ya hira da kowa, amma a mota yana yi da ni. Har dariya yake yi.

Tun da muka dawo daga Shagari agogon ya rikice. In mota tana tsaye tana silo, wato injin yana aiki a hankali, sai ya haura sha takwas, jar fitila ta kama. In Baba ya taka totur sai ya sauko kamar ba komai. Baba ya duba fiyus, ya kankare wayar da aka ɗaure a jikin ƙarfe, ya ƙara matse kan batir. Bai daina ba.

Kausar, kafin mu taho suna na goge agogon da jiƙaƙƙen tsumma don ya yi kyau. Ban faɗa wa kowa ba. Don Allah ki tambayi Yaya Maniru ko ruwa yana lalata shi, amma kar ki ce ni ce.

Ki gaida kowa.
Taki, Juwairiyya

Shagari, ranar Alhamis

Wa alaikumus salam sarauniyar kunya,

Kowa lafiya, jariri sai kuka da ci, kamar ubansa. Na ga takardarki a hannun direban motar haya, na ce yau kuma me ya sami 'yar gaban mota.

Na tambayi Yaya Maniru a gareji. Ya ce ruwa ne, babu wani abu. Wai irin wannan agogo ko gumi ba ya so, balle tsumma. Ya ce a sayi sabo kawai, a kawo masa ya ɗaura. Ya ce kuma kar Baba ya bari kanikawan Bodinga su shiga ƙarƙashin motar, ɓata ta za su yi.

Ke ma dai, wa ya aike ki goge-goge? Ki kwantar da hankalinki, abu ne ƙarami. In kin zo hutu zan yi miki wani lallen da ya fi wancan.

Ki gaida Baba da Inna.
Kausar

Bodinga, ranar Litinin

Assalamu alaikum Kausar,

Da fatan kuna lafiya. Jiya Yaya Maniru ya kira Baba a waya. Ina shara a tsakar gida Baba ya fito ya ce, "Ke, ruwa kinka zuba ma agogon ga?" Na so in ce tsumma ne kawai, amma bai jira amsata ba. Ya ce, "Kina zaune kusa da ni kullum ina wahala da wayoyi, kin sani, kinka yi shiru. Ba ki ƙara shiga motar ga."

Bai dake ni ba. Da ma ya dake ni.

Yanzu da ƙafa nake zuwa makaranta. Wannan ba komai ba ne. Amma yau da safe ya wuce ni a hanya, kujerar gaba babu kowa sai buhu, bai ko juyo ba.

Na roƙe ki kar ki ce ni ce. Wataƙila subutar baki kika yi. Ki faɗa mini haka ne.

Juwairiyya

Bodinga, ranar Laraba

Assalamu alaikum Kausar,

Ina gaishe ki. Ba ki ba ni amsa ba, amma ga abin da ya faru.

Baba ya sayo sabon agogo a Sakkwato. Bai sami sukunin zuwa Shagari ba, sai ya kira maƙwabcinmu Malam Muhammad Sani bakanike ya ɗaura a ƙofar gida. Ina cikin zaure ina jinsu. Aka tayar da mota, sabon ma ya haura sha takwas.

Malam Muhammad Sani ya ce, "Malam Mainasara, agogo biyu ba su yin ƙarya iri ɗaya. Kai dai ka hukunta mai gaskiya." Ya ce Baba ya toshe bakin salansa da tsumma, shi kuma ya kwanta a ƙasa. Har daga zaure na ji wani huci yana fita. Ya fito yana kakkaɓe riga ya ce, "An yanke salansarka an mayar da walda, waldar gaggawa, duk huda. Ta nan iska ke shiga kusa da abin da ke auna hayaƙi. Kuma tukunyar da ke jikin salansar wayam take, an kwashe indomi." Ya ce indomi wani abu ne mai kama da saƙar zuma a cikin salansa, ana sayensa da tsada. Ya ce waldar sabuwa ce, ko tsatsa ba ta yi ba.

Baba ya ce ba ya ba kowa motarsa. Ya ce ko ranar suna da suka tafi gaisuwa Lambara a motar Baffa, makulli a hannun ɗiyarsa ya bari. Ya ce wataƙila a tasha aka yi masa.

Kausar, ni na san ba a tasha ba ne.

Ranar suna ina zaune cikin mota saboda mutane sun yi mini yawa. Kika zo kika ja ni, kika ce sai kin ƙunsa mini lalle. Na ce a gidanku, kika ce a'a, gidan ƙawarki can bayan makaranta. Kika ɗaure mini hannu da ƙafa a leda. Kika ce in kawo makullin kar ya ɓaci, kika zare shi da kanki daga bakin zanena. Na ce lallen ya isa, kika ce bai kama ba tukuna. Tun hantsi har la'asar ina zaune kina ba ni fura a baki, ina jin daɗi wai ina da 'yar'uwa.

Wa kika ba makullin?

Juwairiyya

Shagari, ranar Juma'a

Wa alaikumus salam Juwairiyya,

Ina gaishe ki, kuma don girman Allah ki karanta har ƙarshe.

Yaya Maniru ya ce zai ɗan kai kaya ne ya dawo, in riƙe ki kar ki tayar da hankali. Wallahi ban san zai yanka komai ba. Daga baya na sani. Da takardarki ta zo na nuna masa, ya ce shi ke nan, maganar tsumma ta ishe mu. Na ce kar ya kira Baba, ya kira.

Ki yi tunani. Ke fushi kawai ake yi da ke, zai wuce. In kika yi magana, Baba da Baffa ba za su ƙara zama tabarma ɗaya ba, kuma duk garin nan za a ce Yaya ɓarawo ne. Tunda Baba ya ce a tasha ne, ki bar shi a tasha. Ke da ma ba mai magana ba ce. Shirun nan kawai nake roƙo.

'Yar'uwarki har abada,
Kausar

Bodinga, ranar Lahadi

Salamu alaikum Kausar,

Na faɗa wa Baba jiya bayan azahar, a gaban Inna. Na kai har ƙarshe, ban rage komai ba. Sannan ya ce, "Ashe ni ma na zalunce ki." Yau da zai fita ya sauke buhun daga kujerar gaba ya kira ni.

Ranar Juma'a bayan masallaci za mu zo gidanku. Baba ya ce in maimaita komai a gaban Baffa da Yaya Maniru. Na ce to.

Na rubuto ne don ki sani tun da wuri. Ni ba a yi mini haka ba.

Ki gaida Inna Maryam.
Juwairiyya