Farin Gari a Gindin Ƙoƙo

Gada Biyu, Jos
4 ga Maris

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Yaya ciwon gwiwa da sanyin Bukuru? Ina Yaya Badruddeen da iyalinsa?

Na san za ka yi mamakin ganin wasiƙata, tunda rabon da mu yi maganar kirki tun rasuwar Umma. Buƙata ce ta kawo ni. Malam Pam, malaminmu na zane, ya ba mu aikin ƙarshen shekara a kan inda kimiyya da addini suke karo. An haɗa ni da ƙawata Ebun. Ita tana can tana fama da zanen taurari, ni kuwa ban je nesa ba, don a gidanmu aka yi karon.

Na shirya in rataye hoton ƙirjin Umma na asibiti a hagu, allon da kake yi mata rubutun sha a dama. Hoton yana wurina. Allon da ƙoƙon da take shan rubutun a ciki nake roƙo. Ba zan ɓoye maka ba, Baba, har yau zuciyata ba ta huce ba. Likita ya rubuta mata ƙwayoyi, kai kuma ka yi ta wanke allo har ta tafi. Abin da na faɗa maka a gaban mutane ranar sadakar uku, shi nake so bangon ya maimaita.

'Yarka,
Amatullahi

Gada Biyu, Jos
12 ga Maris

Babana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina tambayar lafiyarka, ko da yake ban san da wane baki zan yi ba.

Jiya Yaya Badruddeen ya kawo saƙo: allo, ƙoƙo, da wata leda da ban tambaya ba, cike da fankon katin ƙwayoyi na wata bakwai. Na ga wani farin gari ya bushe a gindin ƙoƙon, har na kai hannu zan goge, sai ya riƙe ni. Shi ya gaya mini Umma ta rantse ba za ta ƙara haɗiyar ƙwaya ba, da rubutunka kaɗai ta yarda. Ashe kullum da safe kai kake murƙushe ƙwayoyin da bayan cokali, ka zuba a ruwan rubutun. In ta yi ƙorafin ɗaci, sai ka ɗora wa tawada laifi.

Baba, me ya sa ka yi shiru? Na ce kai ka kashe ta, ka sunkuyar da kai kawai. Yaya ya ce ka gwammace a zage ka da a ce Umma ce ta ƙi magani. Tun jiya nake kuka. Shekara guda ka rasa matarka, ni kuma na hana ka 'yarka.

Yau Malam Pam ya tambaye ni a wane ɓangare zan ajiye ƙoƙon, hagu ko dama.

Ina zuwa ranar Asabar. Zan tsaya a zaure har sai ka ce in shigo. Ka yafe mini don Allah. Ban wanke ƙoƙon ba.

'Yarka mai neman gafara,
Amatullahi