Mahaifina Ya Faɗi a Ƙanƙara, Bidiyon Kuma Yana Wayata

Zuwa ga Mme Mathabelo,

Don Allah ki taimake ni da shawara kafin ƙanƙarar fari ta sauka, domin in ta sauka ban tsayar da magana ba, na yi asarar abin da ba zan sake samu ba. Kullum ina karanta filinki na jarida ina dariyar matsalolin mutane, yau ga shi abin ya zo kaina.

Ni budurwa ce daga wani ƙauye a ƙasan tsaunin Moteng. Duk lokacin sanyi ina hawa can saman dutsen Mahlasela ina koya wa baƙi wasan zamiya a kan ƙanƙara da allo. Sauran watannin kuma ina taya mahaifiyata ɗinki, ina kallon bidiyon gwanaye har data ta ƙare, ina kirga kwanakin da suka rage a shiga Yuni, watan da sanyinmu ke kamawa. Tun watan jiya na fito da kayana na shanya, kuma gaskiya, Mme, kallonsu kawai ya isa ya sa mutum kuka. Allon, wata baƙuwa ce ta bar min shi da za ta koma ƙasarsu, tun a lokacin ma ya ga duniya. Bakinsa ya dakushe, fentin ya koɗe. Takalman kuwa sun buɗe baki, sai na sa leda a kan safa kafin na zura ƙafa. Bana kuma zan shiga jarrabawar ƙarin matsayi ta masu koyarwa, kuma babu wanda zai ci ta da leda a ƙafa.

To ga inda matsalar take. Mahaifina, Ntate Mokhethi, dattijo ne da ake ji da shi. Yana cikin masu zama a dandalin sarkin ƙauye idan za a raba gardamar gona ko ta makiyaya, a coci kuma shi ke gaba. Amma a gida babu wanda ya kai shi tsokana. Tun da na fara wannan aiki yake ce min, “Ke kam kin samu duniya, ana biyan ki don ki gangara tudu. Ko tunkiyata ta iya gangara tudu, ba ta taɓa neman ko sisi ba.”

Ranar rufe wasa ta bara sai ga shi a kan dokinsa, da karensa a baya, ya kawo min makoenya, wato fanke, masu zafi da mahaifiyata ta soya. Ya tsaya ya kalli ɗalibaina suna zubewa, ya girgiza kai, ya ce, “Ba ni katakon nan in nuna musu.” Na ce ya bari in samo masa takalman aro, ya ce shi da takalmin robarsa ya haye duwatsun da ban taɓa jin sunansu ba. Na yi tsammanin hoto kawai zai tsaya a ɗauke shi, shi ya sa ban ma taɓa maɗauran ƙafa ba, na bar su yadda nake hawa, ƙafar hagu a gaba. Ina ɗaure shi, ina juyawa in ajiye ledar makoenya, sai na ji ƙawata Khauhelo ta ƙwala ihu. Ntate ya tafi.

Mme, ban san yadda zan kwatanta miki ba. Allon ya juya da shi, ya koma gangarowa da baya. Iska ta cika bargonsa ya kumbura, hularsa ta yi nata wuri, karen ya bi shi yana haushi. Shi kuma maimakon ya kira sunan Allah, sai ya dinga daka wa allon tsawa da sunan dokinsa: “Tsaya, Sefako! Na ce ka tsaya!” Ragar da ke ƙasan tudu ce ta tare shi, ƙafafu a sama. Na isa wurin da gudu, amma ko ƙwarzane bai yi ba. Ya miƙe, ya karkaɗe bargon, ya daidaita shi yadda layukan jikinsa za su sauko tsaye, ya mayar da fil ɗin a kafaɗa, ya karɓi hularsa daga hannun wani baƙo kamar ba abin da ya faru. Abin da ya ce kawai shi ne, “Ƙanƙarar bana ba ta da kyau.” Ya hau doki ya tafi gida.

Khauhelo ta ɗauki komai a wayata, tun daga farko har ƙarshe. Na kalli bidiyon nan ban san iyaka ba, kuma har yau ban taɓa kai ƙarshensa ba tare da hawayen dariya ba. Ban sa shi a ko'ina ba. Amma makon jiya, a taron shirin buɗe wasa, bakin Khauhelo ya ƙi rufuwa, har ta sa na nuna wa wani mai shagon kayan zamiya daga ƙetaren iyaka. Mutumin ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Da ya farfaɗo ya ce zai ba ni sabon allo da maɗauransa, da takalma daidai ƙafata, da hular kwano da tabarau, idan na sa bidiyon a shafina na sada zumunta da sunan shagonsa. Yana son amsa kafin a buɗe wasa. Ya ma bari na gwada takalman. Mme, ban san ƙafa tana iya jin daɗi haka ba.

Khauhelo ta ce, “Ke wace irin sakarya ce? Kowa yana faɗuwa, faɗuwa ai ita ce rabin wasan. Ki sa kawai, tsoho ba ya hawa shafukan nan.” Shi ba ya hawa, amma duk samarin ƙauyenmu suna hawa. Ina hango shi a dandali yana yanke wa mutane hukunci, wani ɗan iska daga baya ya ce, “Tsaya, Sefako!” Wallahi in hakan ta faru ba zan yafe wa kaina ba. Mahaifiyata kuwa da na ɗan taɓa mata zancen, ko ɗago kai daga keken ɗinki ba ta yi ba, ta ce, “Ki sa mana. Sai ki nemi wani gidan da za ki dinga cin abinci.”

Abin da ya ƙara dagula min lissafi shi ne tsokanarsa ta ƙaru tun da sanyi ya fara. Ya ɗauki dutsen gugar mahaifiyata ya narka kakin zuma ya goge min ƙasan allo, wai kada a ce ’yarsa tana hawa busasshen katako. Dutsen ya lalace, an yi kwana biyu ana faɗa. Na kama shi a bayan garke ya ɗora katako a kan gungume yana tsaye a kai yana lilo, ya ce ƙwarinsa yake gwadawa don zai yi ƙofa. Rannan kuma da mahaifiyata ta goge daɓen ɗaki ya yi santsi, sai ga shi da safa ya sheƙo da gudu ya zame har bakin kabad, ƙafar dama a gaba, yana kwaikwayon yadda na taɓa gaya musu ina gwada sababbin ɗalibai don in san ƙafar da za su sa gaba. Duk don ya tsokane ni. Kowace safiya sai ya leƙa duwatsu ya ce, “Malama, yaushe ne kasuwarku za ta buɗe?” Sau uku yana tambayata, “Ina hoton nan na ranar?” ni kuma ina kawar da zancen, don na san so yake ya sa ni in goge.

Ina son kayan nan har cikin raina, ba zan ɓoye miki ba. Ina kuma son mahaifina fiye da su. In sa bidiyon in ba shi haƙuri daga baya? In rufe fuskarsa? Amma bargon da dokin da karen duk an san su. Ko in haƙura in sayi sabuwar leda?

Taki,
Mai Leda a Ƙafa

*

’Yata Mai Leda a Ƙafa,

Kin sa na yi dariya har abokan aikina suka leƙo, don haka na fahimci mai shagon. Bari mu fara da abin da ke gefenki. Son kayan nan ba kwaɗayi ba ne. Kayan aikinki ne, kamar yadda keken ɗinki yake ga mahaifiyarki, kuma kina da jarrabawa a gaba. Khauhelo ma ba ta yi ƙarya ba da ta ce kowa yana faɗuwa. Kada ki ji kunyar cewa kina so.

Amma faɗuwar nan ba taki ba ce, balle ki sayar. Tasa ce. Shi zai zauna a dandali, shi za a kira da sunan doki har ƙarshen rayuwarsa, kuma abin da ya shiga wayoyin mutane ba ya dawowa. Saboda haka batun ki sa sannan ki ba da haƙuri, cire shi daga ranki. Rufe fuska kuma, ke da kanki kin ba da amsa: a ƙauye bargon mutum ya fi fuskarsa suna.

Yanzu ki zauna da kyau, don akwai abin da kika rubuta da hannunki amma ba ki karanta ba. Ni ban iya wasanku ba, sau ɗaya na gwada, na kwana biyu ina zama a gefe guda. Amma na san dattawa. Mutumin da ya lalata dutsen gugar matarsa don ya goge allo, ya hau katako a bayan garke inda yake zaton ba mai ganinsa, ya zame a daɓe da safa, yake leƙen duwatsu kowace safiya, wannan ba tsokana yake yi ba. Shiri yake yi. Ke kina shanya kayanki kina jiran Yuni, shi ma jiranta yake. Ya ma yi wa kansa gwajin da kike yi wa ɗalibai, a gabanki, ya nuna miki cewa shi da ƙafar dama yake shiga. Ke kuma ranar nan kin ɗaure shi da hagu a gaba. Tudun nan ya kayar da shi a gaban baƙi, kuma irin su Ntate Mokhethi ba sa barin magana a haka. Girma ne kawai ya hana shi ce wa ’yarsa ta koya masa. Ina kyautata zaton ba don ki goge yake neman bidiyon ba. So yake ya ga inda ya kuskure.

Ga abin da za ki yi. Ki same shi shi kaɗai, ba a gaban mahaifiyarki ba, ba kuma tare da Khauhelo ba. Ki miƙa masa wayar ya kalla, ki daure ki riƙe dariyarki sai ya fara tasa. Sannan ki gaya masa komai: takalman, ledar, jarrabawar, da tayin mai shagon. Kada ki yi masa kuka don ya tausaya, ki faɗa masa yadda ake kawo magana dandali, ki bar shi ya yanke. Raba gardama aikinsa ne.

Idan ya ce a'a, magana ta ƙare. Ki gode wa mai shagon, ki nuna masa bidiyon naki hawan, ki tambaye shi ko zai ba ki aron takalma na kakar bana ko ya sayar miki da na hannu. Mutumin da ya yi dariya har ƙasa ba zai rasa sassauci ba. Idan kuma Ntate ya yarda, kada ki sa faɗuwar ita kaɗai. Ki ce wa mai shagon faɗuwa sau ɗaya ake yi mata dariya a wuce, amma dattijo mai bargo da ya faɗi bara ya dawo bana yana koyo a hannun ’yarsa, wannan mutane za su bi shi mako bayan mako har ranar da zai sauko tudun a tsaye. A nan faɗuwar ta zama farkon labari, kuma duk wanda ya ce “Tsaya, Sefako” a dandali, kirari ya yi masa. Ki ƙara da sharaɗi ɗaya: takalma ƙafa biyu, naki da nasa, da hular kwano ta biyu.

Ko ya yarda a sa ko bai yarda ba, ki koya masa. A tudun masu koyo, da hular kwano, da abin kare wuyan hannu, ba takalmin roba, kuma ya fara biyawa asibiti a duba masa gwiwa da hawan jini. Bargon kam kada ki ma fara, ba zai cire ba.

Kafin duk wannan, gobe da safe ki ɗauki sukudireba ki kwance maɗauran tsohon allon nan, ki juya su ƙafar dama a gaba, ki jingine shi a ƙofar ɗakinsa ba tare da kin ce komai ba. Zai gane. Allah ya ba ki sa'ar jarrabawa, ya sauko muku da ƙanƙara mai kyau, don bana Ntate ya rasa abin da zai ɗora wa laifi.

Taku,
Mme Mathabelo