Kada Ki Manna da Salatif

Yaya Zuhura,

Gaisuwa mai yawa daga Zanzibar. Ya jikin Mama, ya mutanen Lamu? Ni lafiya lau, sai ɗan tarin da funfunar littattafai ta sa mini, ba abin damuwa ba ne.

Babbar Sallar nan ma ba zan samu zuwa ba. Rufin ɗakin karatun da nake aiki ya yi yoyo da damina, tsofaffin littattafai sun jiƙe. Kullum ina raba shafi da shafi, ina liƙe yagaggun da siririyar takarda da talgen alkama. In na gama kantar littattafai ɗaya, sai wata ta yi funfuna. Na roƙi shugabanmu Bwana Makame hutu, ya ce, "Haba Mwanaesha, funfuna ta san Sallah ne?" Na yi dariya, na koma kan tebur.

Kin ce tun ƙaramar Sallah da ban zo ba 'yata Swabra ta yaga hotona. Don Allah kada ki dake ta. Kada kuma ki manna shi da salatif, cin takarda yake yi. Ki ajiye mini gutsattsarin. Ni zan gyara da hannuna tana kallo, ko ta tuna fuskar wace ce.

Allah ya bar zumunci.

Ƙanwarki,
Mwanaesha