Hanyar Fagam

Gwaram,
Yuli, 1974

Zuwa ga aminina Cornelius, Sarkin Sifana na masu gyaran keke,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da uwargida Juliana da 'yar gidana Dinatu. Yaya Kano, yaya kuma sauran 'yan tseren namu? Ni dai ina nan ƙalau, in ban da ƙafafuna da suka yi min tawaye.

Ka ce in ba ka labarin yadda mai keke ke koyon gudu. Tun ranar da manyan kamfaninmu suka ce bana a gasar wasanni babu gurbin keke sai na gudun fanfalaki, suka dubi cinyoyina suka ce ai ga mai yi nan, na san an ɗora min Dala ba gammo. Duk shekarun nan ina zaune kan sirdi ƙafa na juyawa, ban san ƙasa na da tauri haka ba. Wanda aka haɗa ni da shi, Malam Simon, malamin wasanni ne a wata makaranta a Birnin Kudu. Ranar kasuwa nake bin mota in je ya duba ni, in jefa maka wasiƙa a gidan waya. Mutumin kirki ne, amma ya kafa min doka guda, kada in kuskura in hau keke sai bayan tseren Kano. Wai naman ƙafar mai keke daban, na mai gudu daban, in na haɗa su zan yi biyu-babu. Don haka ka ci gaba da shafa wa dokin ƙarfena mai, kada kuma ka ba kowa aro.

Mutanen garinmu sun sha kallo. Ranar farko da na fito da gajeren wando, tsoho Haladu ya biyo ni da sanda yana tambayar wa aka yi wa sata. Yanzu sun saba, sai dai su yi min addu'ar samun sauƙi.

Akwai maganar da nake so in yi maka, sai dai kai da mahaifiyarka ke rungume ka a tsakiyar tasha da wuya ka gane. Ni ɗan fari ne, kuma a wurinmu uwa na kunyar ɗan farinta. Inna Azumi ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa kallon ƙwayar idona ba. In tana da magana da ni, sai ta gaya wa kaji, ko turmi, ko ƙanwata Ruƙayyatu in ta leƙo daga gidan mijinta. Sunana a bakinta mai keke. Kullum na dawo daga gudu zan tarar da ƙwaryar fura a inuwar rumbu, kuma in ka tambaya babu wanda ya ajiye ta.

Jiya tana sheƙar gero, ina wanke ƙafa a bayanta, sai na ji ta ce wa kajinta, "Da ina da mai keke, da na je Fagam na ga Yaya Ɗanbala tun yana gane mutane."

Kawu Ɗanbala shi kaɗai ya rage mata, shi ya goya ta bayan rasuwar iyayensu, kuma tun bazara yake kwance. Ruwa ya cinye hanyar Fagam, mota ta daina shiga, ga gwiwar Inna ba ta da kirki. Tun da aka haife ni ban taɓa jin ta nemi wani abu a wurina ba sai wannan. Tsohon keken marigayi Baba, mai kariyar ɗaukar kaya a baya, yana rataye a zaure, tayoyi sun sace, sarƙa ta yi tsatsa. Ka aiko min da sarƙa da kayan faci ta hannun direban motar kasuwa. Na ce Ruƙayyatu ta gaya mata da zarar an gama tsere zan kai ta, har da lambar girma a wuyana in Allah ya so.

Ka gaida kowa da kowa.

Naka har kullum,
Manu

Gwaram,
Agusta, 1974

Aminina Cornelius,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fata Dinatu ta warke daga tarin da ka ce tana yi. Saƙo ya iso, na gode, Allah ya bar zumunci. Sarƙar da ka zaɓo ta fi ƙarfin keken Baba, kamar a ɗaura wa jaki linzamin azurfa.

Albishirinka, ƙafa ta fara jin magana. Na koma bin hanyar Fagam saboda yashinta na da taushi a gwiwa. Nakan fita bayan sallar asuba, in wuce gonakin dawa, in kai wata babbar tsamiya da ke rabin hanya, in juyo. Da can a gindinta nake zubewa kamar buhu, yanzu kuwa taɓa ta nake yi in juyo ba tare da na tsaya ba. Malam Simon ya duba agogonsa ya dube ni, ya ce in na riƙe haka har ranar, ina cikin waɗanda za a kai Ikko. Ban ɓoye maka ba, kaina ya kumbura.

Na ga faɗan da ka yi min a wasiƙarka. Ka ce in ɗauki tsohuwa in kai ta, wa zai je ya gaya wa Malam Simon? Kai da bakinka kake cewa ƙaramar ƙusa ke kayar da babban keke. Zuwa da dawowa da mutum a baya cikin yashi ba wasa ba ne, kuma in ƙafar nan ta rikice ban san abin da zan gaya wa kamfani ba. Tseren ma ya kusa. Ban da haka, Inna ba ta sake tayar da maganar ba, ko ga kaji, ka ga ke nan abin bai matsa ba. Da na faɗa wa Ruƙayyatu haka, sai ta dube ni ta ce zaman Kano ya mantar da ni gida, Inna ba ta roƙo sau biyu. Na ce mata ita dai ta cika tsoro.

Abu guda ne ya ɗan tsaya min. Shekaranjiya na shiga zaure na ga an goge ƙurar keken Baba tas, an naɗe wani tsohon zane an ɗaure a kan kariya, yadda mai zama ba zai ji ƙarfe ba. Na yi dariya na ce lallai fasinja ta shirya, direba take jira. Amma dariyar ba ta yi nisa ba, na fita na bar zauren.

Kayan da ka aiko suna nan a ƙunshe yadda ka ɗaure su. Ka yi min addu'a irin taku, ni ma ina yi maka irin tamu.

Naka,
Manu

Gwaram,
Satumba, 1974

Cornelius,

Ina gaishe ka, ina gaida iyali. Ka yi haƙuri, yau babu wasa a bakina. Kawu Ɗanbala ya rasu ranar Talata, Allah ya jiƙansa. Inna ba ta same shi ba.

Ran nan na fita gudu kamar kullum. Ashe bayan fitata wani mutumin Fagam da zai wuce kasuwa ya tsaya a ƙofar gida ya ce jikin Kawu ya tsananta, kuma sunan Azumi kawai yake kira. Babu kowa a gidan sai ita. Ba ta aika gidan Ruƙayyatu ba, ba ta buga ƙofar maƙwabta ba, don ba halinta ba ne. Ta dama fura ta ajiye a inuwar rumbu, ta ɗaura ɗan ƙunshinta, ta kama hanya da wannan gwiwar.

Na taɓa tsamiya na juyo, ƙafa na tashi kamar ba tawa ba, ina ta lissafin yadda zan shiga fili a Kano. Da hantsi, a tsakanin gonakin dawa, na hango wata tsohuwa tana ɗingishi da sanda. Da ta ga namiji ya taho a guje da gajeren wando, sai ta ratse gefe, ta juya baya, ta ja mayafi, yadda duk matan hanyar nan ke yi min. Na ce, "Sannu, Inna," irin wadda ake yi wa kowace tsohuwa, na wuce ban ko rage gudu ba.

Ita ce, Cornelius. Ni da na fi kowa sanin bayanta, don shi ta fi nuna min tun ina yaro, na wuce ta kamar kututture. Ita kuwa na tabbata ta gane ni tun daga nesa. Amma da wane suna za ta kira ni, ita da ba ta taɓa kira ba? Ta tsaya har ƙarar takalmina ta ɓace, sannan ta hau hanya ta ci gaba.

Na iso gida na ga fura a inda take kullum, na shanye, na yi wanka, na kwanta in huta kamar yadda aka umarce ni. Na ɗauka ta shiga maƙwabta. Sai wajen la'asar Ruƙayyatu ta shigo hankali a tashe, ta ji labari a bakin rijiya, ta tambaye ni ko ban gamu da Inna a hanya ba. Kafin ta rufe baki na ga tsohuwar nan da sandarta a idona.

Na sauke keken Baba na kwance ƙunshinka. Ka san hannuna. Na sa sarƙa, na yi faci, na buga iska, duk kafin ruwan da Ruƙayyatu ta ɗora a murhu ya tafasa. Aikin da na yi wata da watanni ina ɗagawa ke nan. Ban taɓa taka keke a wani tsere yadda na taka shi ran nan ba, kuma babu abin da ya sami ƙafar da nake ta lallaɓawa.

Na cim mata a bakin garin Fagam rana na shirin faɗuwa. Tana tsaye ta dogara da sanda, maza na dawowa daga maƙabarta suna wuce ta. An ce da azahar ya cika, kuma har lokacin yana tambaya ko ta iso. Da na tsaya da hantsin nan na dubi fuskar da ke cikin mayafi, da na koma na gyara keke, da mun riske shi da sauran numfashi.

Ba ta yi kuka a gabana ba, ba ta kuma ce wa kowa komai a kaina ba. Da ma ta zage ni. Na dawo Gwaram in kula da dabbobi, in an yi sadakar bakwai zan koma in ɗauko ta. An ce da-na-sani ƙeya ce, ni kuwa tawa a gaba take, duk inda na juya ita nake gani.

Naka,
Manu

Birnin Kudu,
Oktoba, 1974

Aminina Cornelius,

Bayan gaisuwa, na sami ta'aziyyarka da ta Juliana, na gode ƙwarai. Na gode kuma da ba ka ce ai ka gaya min ba, ko da yake ka gaya min.

Daga wurin Malam Simon nake rubuto maka. Na faɗa masa na karya dokarsa, na kuma faɗa masa dalili. Ya ce da ya sani da shi da kansa zai ce in kai ta, dokar ƙafa ce ba ta uwa ba. Ban ga laifinsa ba, ni ne ban tambaya ba. Ya gwada ni a fili ya ce ƙafata ta fi da. Zan zo Kano in yi tseren tunda na yi alkawari, in an kai ni Ikko to, in ba a kai ni ba to. Ka tanadar min tabarma a shagonka.

Na ɗauko Inna bayan bakwai. Na tsayar da keke a ƙofar gidan Kawu, na juya fuskata gefe don ta samu ta hau. Ta zauna a kan zanen nan da ta ɗaure da hannunta. Ba ta riƙe ni ba, ƙarfen kariya ta kama da hannu biyu. Cornelius, ba ta da nauyi ko kaɗan. Yashin da na yi ta jin tsoro ban ma san mun wuce shi ba. Na yi ta tafiya a hankali ina kauce wa ramuka, ina so in ce ta yafe min, amma ni ma ban taɓa koyon yi mata magana kai tsaye ba. Muka wuce tsamiya, muka wuce gonakin dawa da wurin da ta ratse min.

Rana ba ta kai tsaka ba muka shigo Gwaram. Ta sauka a ƙofar zaure, ta kwance zanenta daga kariya ta naɗe shi a hammata. Kaji suka taho suna kewaye ta. Ta dafa sirdin keken, ta ce masa, "Ashe ma babu nisa."

Daga nan ta shige ciki ta dama min fura.

Ka gaida Juliana, ka shafa min kan Dinatu. Sai na iso.

Naka har kullum,
Manu