Ɗakin da Goshi Ba Ya Kai Ƙasa

Zuwa ga Injiniyan da ya zana sababbin ɗakunan ɗalibai a bayan garin Yelwa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali.

Ni tsohon malamin firamare ne daga Wara. Makon jiya na kai wa 'yata Hadiza gero da busasshen kifi a ɗakin da aka ba ta, na dawo da abin da ya tsaya mini a rai.

Na ɗaya, ban zo kukan ƙanƙantar ɗaki ba. Mu ma da muka yi karatu a Yelwa, mu huɗu muka cushe a ɗaki guda a gidan wata tsohuwa matar masunci, Inna Kulu. Ginin laka ne, hayaƙin banda ya kama tufafinmu har 'yan aji suka sa mana suna 'yan tarwaɗa. Amma da mun naɗe tabarmi sai ga fili. Nan muke jam'i, nan muke cin tuwon Inna, nan muke musu kan darasi iskar kogi na shigowa. Wallahi har yau ina kewar ɗakin nan.

Na biyu, naku ya fi namu komai, ga fanka ga wurin cajin waya. Sai dai gadon na siminti ne, teburin ma haka, ba mai ture su. Ɗan filin da ya rage a tsakani ya miƙe kudu da arewa. Na fuskanci gabas zan yi la'asar, ina ruku'u kaina ya bugi tebur.

Na uku, a kan gadon ma ba a miƙewa, kantar littattafai ta tokare sama. Da ƙyar Hadiza ta gaya mini wata biyu ke nan tana salla a zaune kamar mai jinya, alhali lafiyarta lau. Abin ya yi mini ciwo.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. An ce akwai layi na biyu na ɗakunan da ba a zuba simintinsa ba tukuna. Ina roƙonka, ranka ya daɗe, a juya gadajen, a gyara na su Hadiza. In kana shakka, shiga ɗaki ɗaya da alwala ka yi raka'a biyu. In goshinka ya kai ƙasa, ka yaga wasiƙar nan.

Allah ya ƙara maka basira, ya yi wa aikinka albarka.

Wassalam.

Malam Garba, Wara