Barkono a Kan Soron Sagiru

Fatakwal, 3 ga Nuwamba

Yaya Batulu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da yara da duk mutanen Ƙofar Kibo.

Kin san aikina duba hotunan da tauraron ɗan'adam ke ɗaukowa daga sama ne, muna zana taswira. Shekara bakwai ina kallon dazuzzuka da kogunan wasu, ban taɓa yarda na leƙa Zariya ba. Jiya na kasa daurewa. Na bi ganuwa har na gane rimin bakin lungunmu, sai ga gidan Baba. Yaya, ɗakina ba rufi, baƙin rami ne kawai.

Ranar da na ce a rushe ginin ƙasa a yi na siminti, Yaya Bahago ya ce wanda ya raina ginin ubansa ya nemi wani gida. Na ɗauka faɗan 'yan'uwa ne, ashe har ɗakina ya rushe. Na so zuwa bana, amma na fasa. Abin ya yi mini ciwo.

Ki huta lafiya.
Ƙaninki, Sagiru

Zariya, 12 ga Nuwamba

Sagiru,

Wa'alaikumus salam. Muna lafiya, sai takaicinka.

Wannan tauraro naka idanu gare shi, amma gulmarsa rabi ce. Bayan daminar bara waccan azarar ɗakinka ta ruɓe, Bahago ya yaye rufin, ya sa sabuwa, ya yi yaɓe da hannunsa, har ya kwana uku bayansa na ciwo. Ɗansa Suhail da zai yi aure ya roƙi ɗakin, Bahago ya ce masa, "Mai ɗaki yana nan tafe." Duk Juma'a shi ke sharewa. Girman kai ne ya hana shi kiranka, kuma ka san ba shi kaɗai ya gada ba.

Tunda sai abin da ka gani daga sama kake yarda da shi, na hau tsani da gwiwar nan tawa, na shanya jan barkono buhu guda a kan soronka. Ka duba da hantsi. In ka ga wata a tsakar gida tana ɗaga hannu, ni ce.

Allah ya shirye ka.
Yayarka, Batulu

Fatakwal, 19 ga Nuwamba

Yaya,

Salamu alaikum. Na yi dariya har na yi hawaye, sannan kunya ta kama ni. Ni ke koya wa sababbin ma'aikata su fara duba ranar da aka ɗauki hoto, amma da na ga ɗakina sai na manta. Hoton shekararsa biyu. Sabon hoto kuwa sai a yi shekara bai fito ba, don haka ki daina tsayuwa a rana.

Barkonon dai kar ki kwashe. Ranar Alhamis zan iso in hau tsanin in gani da idona. Ki ce wa Yaya Bahago wannan Juma'ar ya bar mini tsintsiyar.

A gaida kowa.
Sagiru