Kasetin Baƙon da Jirgi Ya Bari a Ruwais

Assalamu alaikum, Baba. Ina gaishe ka da gaisuwar da ake yi wa mutanen kabari. Allah Ya sa kana cikin ni'ima. Na san jama'a za su karanta wannan, amma da kai nake.

Ka tuna baƙon da ka kawo mana gida daga mina, wato tashar jiragen ruwa ta Jidda, lokacin kana dafa wa ma'aikatan jiragen ruwa abinci? Ƙaton mutumin nan ɗan wani tsibiri a tekun Pasifik, wanda zazzaɓi ya kayar, jirginsu ya tafi ya bar shi. Siyone sunansa. Ya yi sati biyu a ɗakinmu na unguwar Ruwais, Inna tana dama masa kunu tana mita.

Da ya samu sauƙi ka kunna rikoda, ya ba ka labarin kakanninsa da guntun Turancin mina, inda ya gaza ya cika da waƙa. Ya ce ranar da jirgin Amurkawa masu farautar manyan kifayen teku ya fara tsayawa a gaɓarsu, mutane sun tarye shi a kwalekwale da kwakwa da ruwan sha. Aka ba su ƙusoshi da taba. Rana ta uku gatari ɗaya ya ɓata a jirgin, aka harbe ɗan tsibiri ɗaya. Samari biyu da suka hau kallo kuwa, jirgin ya tashi da su, ba a ƙara jin ɗuriyarsu ba.

Ina jin ka kana cewa, "Wanda ya riƙe alƙalami shi ke zaɓen ɓarawo."

To Baba, ƙanena Usman ya sa guntun waƙar a intanet ba da sanina ba. Sai ga wani Ba'amurke ya neme mu, wai yana rubuta littafi kan haɗuwar farko tsakanin matuƙansu da mutanen tsibiran. Muka haɗu a wani shagon gahawa a Aziziyya, Usman yana fassara. Ya zo da dabino da turare. Murmushinsa bai yanke ba tun da muka zauna, abin da ya fara damuna ke nan.

Ya ce littattafan jiragen duk sun kira mutanen tsibiri ɓarayi, shi kuma ɗaya ɓangaren yake so a ji. Maganar ta yi daɗi. Amma na lura sau biyar ya tambayi tsawon kaset ɗin, bai tambayi ko Siyone ya koma gida lafiya ba. Na ce ko ya nemi dangin Siyone, ya ce wannan sai daga baya. Sannan ya zaro takarda, wai in sa hannu muryar ta zama tasa ya yi yadda ya so da ita.

Na mayar masa da turarensa. Na ce magana ta ƙare, sai ya kawo mini magana daga gidan mai muryar. Usman ya yi fushi, ya ce na kunyata shi gaban baƙo, kwana goma bai leƙo shagona na Bab Makka ba.

Jiya Ba'amurken ya turo saƙon muryar wata tsohuwa, ya ce 'yar Siyone ce. Na saurara sau uku. Ba na jin yarenta, Baba. Na dai ji ta ce Jidda, na ji muryarta ta karye. Amma wa ya sani ko shi ya gaya mata abin da za ta faɗa? Na ji kunyar wannan tunanin, na kuma kasa korar sa.

Na ce a haɗa mu a waya ranar Juma'a, ni da ita, fuska da fuska, ban da shi a tsakani. Idan 'yarsa ce, zan kunna mata muryar mahaifinta har ƙarshe, ta faɗi abin da za a yi da ita. Idan na zalunci bawan Allah da zato, Allah Ya yafe mini, kai ma ka yafe. Ban gaji saurin yardarka ba.

Allah Ya haskaka makwancinka, Ya saka maka da jinyar baƙon da ba ka san kowa nasa ba.

'Yarka,
Rakiya